Tsakanin gona da ramin zinari, wanne zai iya gogayya a kasuwar duniya?

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah shi ƙara basira. Ka ce kai ɗan yankin Anka ne, kuna da gonar gado, amma rabin abokanka sun aje hauya sun koma ramin zinari kuma ga su nan da mashin da manyan wayoyi, sannan ka ji ana gardama a rediyo wai ƙasa ba ta arziki da noma sai da ma'adinai, shi ne kake son sanin tsakanin abin da ake shukawa ko a kiwata da abin da ake haƙowa cikin ƙasa wanne ne zai iya tsayawa da ƙafarsa a kasuwar duniya. Na daɗe cikin harkar sayen amfanin gona ana fita da shi waje, kuma tattalin arzikin noma shi na karanta, don haka zan faɗa maka yadda nake ganinta ko da ba za ta yi ma manoma daɗi ba.

In yau za a yi gasar, zinari ya cinye. Babu ma gardama. Amma dutsen ne ke cin gasar ba mai haƙarsa ba, kuma babu abin da mu munka yi har ya samu wannan ƙarfin, haka Allah ya aje shi. Noma kuwa yau an kada mu, sai dai duk abin da ya sa anka kada mu abu ne da hannun mutum ke iya gyarawa. Wannan bambancin shi nake so ka riƙe.

Gogayya a kasuwar duniya ma'anarta guda ce, ka iya kai kayanka hannun mai saye a ƙasarsu, da ingancin da yake so, a lokacin da yake so, a farashin da bai fi na abokin hamayyarka ba, kuma ka tashi da riba. To duba zinari. Ba ya ruɓewa, ƙwaro ba ya cinsa, ba ya jiran damina, farashinsa ɗaya ne duk duniya, daga Landan ake sanar da shi kullum. Je ka tsaya gun mai saye a kasuwar ƙauye ka gani, ɗan sikeli ne da bai fi tafin hannu ba, yaro ya kwance 'yar takarda ko ƙullin leda ya juye, a hura ƙura a aza, mai sayen ya latsa waya ya duba farashin dala na ranar ya buga lissafi, kafin ka sha ruwa an gama ciniki. Ba buhu, ba 'yan dako, ba sito. A watan Agusta 2020 ne oza guda ta fara haura dala 2,000, a Maris 2025 ta wuce 3,000, oza kuwa giram 31 ce da ɗan ɗoriya. Ɗauki lissafin dala 3,000 ɗin, giram guda ya kusa dala 100 ke nan. Tan guda na shinkafar Indiya ko Tailan in ka sa shi dala 400, ka ga giram huɗu zuwa biyar sun biya buhu ashirin na kilo hamsin-hamsin. Kilo guda na zinari, wanda zai shige aljihun kaftani ba a lura ba, ya tashi kuɗin tirela kusan takwas ta shinkafa. Mu da muke nesa da teku, duk abin da zai fita sai ya kwana bisa hanya zuwa Legas yana biyan shinge bayan shinge, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nisa na kashe kaya mai nauyi mai arha, zinari kuwa ko a jikinsa.

Man fetur ma haka yake. Tun da anka same shi a Oloibiri a 1956 aka fara fita da shi a 1958 bai taɓa rasa mai saye ba, har yau shi da gas su ke kawo mafi yawan kuɗin waje da ƙasar nan ke samu, alhali a cikin tattalin arzikin gida bai kai kashi goma cikin ɗari ba, noma kuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne. Ma'adinai irin su zinari a lissafin hukuma ko kashi ɗaya ba su kai ba, ba don ba a haƙa ba, don ba ya bi ta littafi ne.

Nan ne maganar take. Kuɗin dutsen nan aljihun wa suke shiga? A doka, sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007, duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko cikin gonar kakanka yake. Lasisi daga Abuja yake fitowa. Mai shiga rami ba shi da takarda, ba shi da jari, akwai uban gida da ya ba shi abinci da kayan aiki ya kuma sharɗanta shi kaɗai za a sayar mawa, akwai mai injin niƙa, akwai dillali, akwai masu bindiga da ke karɓar nasu kaso, kafin kayan su kai Dubai ta Nijar ko Togo kowa ya gutsira. Ƙungiyar Swissaid ta fitar da rahoto a 2024 cewa aƙalla tan 435 na zinari anka yi fasa-ƙwaurinsa daga Afirka a shekarar 2022 kaɗai, mafi yawansa Daular Larabawa ya nufa. Manyan matatun duniya ba su karɓar zinarin da ba a san asalinsa ba, musamman na wurin da ake rikici, shi ya sa namu ke bi ta bayan gida ana karya masa farashi. Ga kuma asara tun daga tushe, wankin da ake yi da makuri, wato zaiba, sau da yawa ko rabin zinarin da ke cikin dutsen ba ya kamawa, sauran na nan cikin dusar da anka zubar, wasu masu kayan aiki su zo su saye ta da arha su sake tacewa su ci ribar da ta fi taka.

Masu gogayyar gaske a harkar haƙa ba da diga da shebur suke yi ba. Ostireliya na loda tama da jiragen ƙasa masu tsawon kilomita biyu da ɗoriya, Cile na da tagulla, Gana ta sha gaban Afirka ta Kudu a zinari. Ko a nan gida, mahaƙar Segilola da ke jihar Osun da ta fara aiki a 2021 injina ne da injiniyoyi da jari daga waje. Irin wannan haƙar ita ke da arha kan kowane giram, amma ba ta ɗaukar mutane da yawa. Wadda ke ɗaukar mutane da yawa, irin tamu, ita ce mai tsada da haɗari, abin da ya rufe mata asiri kawai farashi ne da ya yi sama. Farashin kuwa ba ka da ko sisi a cikin yanke shi. Dubi litiyam da ake ta rububi a wajajen Ngaski da Nasarawa, a ƙarshen 2022 ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, cikin shekara guda da 'yan watanni ya zube da fiye da kashi saba'in cikin ɗari saboda an buɗe sabbin mahaƙai a wasu ƙasashe. Sannan jijiyar dutse in ta ƙare ta ƙare, ba a shuka ta.

Akwai kuma kuɗin da ba a sa shi cikin lissafi, kuma ku mutanen Anka ba ku buƙatar a ba ku labari. A 2010 ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka gano yara na ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, daga baya Bagega. Dutsen zinarin yankin cike yake da dalma, ana kawo shi gida mata na dakawa a turmi, ana niƙa shi da injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta bi ɗaki da tsakar gida da rijiya, yaro mai rarrafe ya sa hannu a baka. Yara sama da 400 sunka rasu, dubbai sunka kamu, wasu sun tashi da makanta ko taɓuwar ƙwaƙwalwa da ba ta warkewa. Sai da anka kankare ƙasar gidaje aka kawo sabuwa, na Bagega ma sai 2013 aka samu yi. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Wanda ya sayi awarwaro a Dubai bai biya ko kwabo na jinyar yaran nan ba, mu munka biya. Da za a ɗora wannan kan farashi da zinarin Zamfara bai yi arhar da ya yi ba. Gwamnati ta hana haƙa a jihar a Afrilu 2019 saboda tsaro, ba ta ɗage ba sai Disamba 2024, kuma kowa ya san cikin shekarun nan ba a daina ba, masu takarda ne kawai sunka tsaya masu bindiga sunka ci gaba.

To mu dawo gona, kuma a nan sai an yi haƙuri da ni. Shinkafa ita ce abin alfaharinmu, musamman maƙwabtanmu na Kabi, kuma sun cancanci yabo. A Birnin Kebbi anka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Nuwamba 2015, a ƙarshen 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Kabi da Legas, a 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga na Labana a Birnin Kebbi, fadamar Argungu da Suru da Jega da Bagudo ta cika da injinan ban ruwa. Amma ka tambayi kanka, ko buhu nawa munka kai wata ƙasa munka sayar a farashin duniya? Shinkafarmu ta rayu ne bayan katanga, harajin kwastan mai yawa, hana dala ga masu shigowa da ita, da rufe boda daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Ran da anka sassauta katangar, lokacin da gwamnati ta yafe harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, kowa ya ga yadda farashin shanshera ya karye manoma sunka koka. Mai saye a birni ya ji sauƙi, wannan gaskiya ne, amma abin ya nuna maka inda muke.

Dalili ba boyayye ba ne. Matsakaicin abin da hekta guda ke bayarwa a Najeriya wajen tan biyu ne na shanshera. Biyetnam wajen shida, Sin wajen bakwai, Masar wajen tara. Manomin rani a Kabi da ya samu iri mai kyau ya yi dashe a layi ya sa taki kan lokaci yana iya samun huɗu zuwa biyar, wato ƙasar ba ta gaza ba. Kuma ba yawan amfani kaɗai ba ne, Tailan ma ba ta wuce tan uku da wani abu ba amma tana cikin manyan masu fitarwa, saboda casa mai arha, wuta tsayayya, hanya da kogi har bakin teku, da suna da sunka gina shekara da shekaru. Indiya kuwa, wadda ke riƙe da wajen kashi arba'in cikin ɗari na shinkafar da ake fitarwa a duniya, gwamnati na tallafa ma yuriya, wasu jihohin kamar Punjab wutar ban ruwa kyauta ce, ga farashin da gwamnati ke lamunce ma manomi. Ka ga mutumin Suru ba da manomin Indiya kaɗai yake kokawa ba, da baitulmalin Indiya yake kokawa. Shi ya sa shinkafar za ta ratso teku ta sauka Kwatano a hau da ita bisa mashin ta daji ta Kamba ko Lolo, kuma ta iso kasuwa tana gogayya da wadda anka noma a bayan gari.

Wani abin da masu gardamar rediyo ba su cika faɗa ba, noman zamani kansa bisa abin da ake haƙowa yake zaune. Yuriya daga gas ake yinta, ita ce ta Dangote a Lekki da ta Indorama a Eleme. Kamfa kuwa sai an haɗa da sinadarin fosfet da ake haƙowa a Maroko da fotash daga irin su Rasha da Kanada. Maganin feshi, tiyo, buhu, duk 'ya'yan man fetur ne. Ka shiga fadama cikin Maris da rana tsaka ka ga manomi tsugune gaban ɗan injinsa yana karkata galan yana auna fetur da gorar lemo, yana lissafin ko zai kai shi ya shayar da fangali na ƙarshe, ga shinkafa ta ɗauki ciki, lokacin da in ta sha ƙishi kwana biyu an yi asarar shekara. Tun da anka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, fetur ya zama shi ne babban abin da ke cin manomin rani, shi ya sa wasu sunka koma tukunyar gas, masu hali sunka sa sola. A ganina duk gwamnan da ke son shinkafa ta yi gogayya, famfon sola da gyaran hanyoyin ruwan madatsar Bakolori da ke kusa da Talata Mafara sun fi masa rabon taki na ranar biki amfani nesa ba kusa ba. Madatsar nan tun 1978 anka gama ta, an tashi mutane daga gonakinsu har an zubar da jini a 1980 saboda ita, abin takaici ne a ce har yau ba ta shayar da duk filin da anka gina ta dominsa.

Sai inganci, wanda nan ne kayan gona sunka sha bamban da dutse ƙwarai. Zinari gwaji ɗaya ne, nawa ne tsantsarsa. Abinci kuwa ciki zai shiga, don haka kowace ƙasa ta kafa masa sharuɗɗa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda an samu maganin ƙwari irin su fiya-fiya a jikinsa fiye da kima, abin da mu nan ake barbaɗa ma buhu a sito ba a ɗauke shi komai ba. Gyaɗa da masara kuma matsalarsu gubar fumfuna ce da ke kama su in an shanya a ƙasa ko an ɗura da danshi. Na ga yadda ake yi, ma'aikaci ya soka ƙarfen awo cikin buhunan riɗi nan da can ya tara ɗan samfur da bai cika kwano ba, a liƙe a aika ɗakin gwaji, sakamako ya dawo an ga ɓurɓushin magani, shi ke nan kwantena guda ta tsaya, kayan manomi ɗari ne a ciki amma ƙila mutum biyu ne sunka yi feshin. Wannan shi ke sa kamfani ya rage ma kowa farashi tun daga kasuwar ƙauye don ya rufe asarar da yake tsoro. Maganin kuwa ba tsada gare shi ba, tamfol na shanya, buhun nan mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwaro ba magani, da Aflasafe, maganin gubar fumfuna da cibiyar binciken noma ta IITA ta Ibadan ta samar don gyaɗa da masara. Sai dai mutum ɗaya ba ya iya gyara sunan kasuwa, dole sai ƙungiya.

Kar ka manta kuma kayan haƙa na iya korar kayan gona daga kasuwarsu kacokan. Baban rini da kakanninmu ke nomawa, tun 1897 da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da na sinadari ya fara mutuwa. Auduga, wadda Gusau ta yi suna da ita har da injinan gurza da masaƙa, yau fiye da rabin zaren da duniya ke sakawa na roba ne daga man fetur, auduga ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, ga Amurka na tallafa ma nata manoman, abin da ya sa Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi sunka kai kuka gaban ƙungiyar ciniki ta duniya a 2003. Amma dai Benin ɗin nan maƙwabciyarmu ba ta bari ba, ta tsara iri da taki da saye, yanzu tana cikin na gaba-gaba a Afirka. Iskar ma ta fara juyawa ta wani gefen, Barazil tun 1975 take zuba giyar rake cikin tankin mota, Indunusiya na gauraya manja cikin man dizal.

Da can mu ma muna cikin masu faɗa a ji. Layin dogo bai iso Ƙaura Namoda a 1929 don kowa ba sai don gyaɗa da auduga da fata. Farkon shekarun 1960 Najeriya na sahun farko a duniya wajen fitar da gyaɗa da manja. Da kuɗin mai sunka ɓarke a shekarun 1970 naira ta yi ƙarfin da ya sa shigo da abinci ya fi noma shi arha, matasa sunka bar ƙauye, gwamnati ta daina damuwa da harajin manomi don haka ta daina damuwa da manomin, ga fari da cutar gyaɗa sun zo sun ƙarasa. Yau Indunusiya da Malesiya ke da wajen kashi 85 na manjan duniya, mu saye muke yi. Abin da mai ya yi ma Najeriya shi zinari ke yi ma ƙauyukanku a ƙarami, ɗan ƙodago ya yi tsada ya yi wuyar samu lokacin noman farko saboda duk majiya ƙarfi na rami, kayan masarufi sun tashi, gona ta koma hannun tsofaffi.

Waɗanda sunka ci gasar noma ba gado sunka yi ba. Barazil ta kafa cibiyar bincike ta Embrapa a 1973, dajin tsakiyar ƙasar da ake ganin ƙasarsa ta yi tsami ba ta noma sunka zuba mata farar ƙasa sunka ƙirƙiro irin waken suya mai jure zafi, yau ita ce ta ɗaya a duniya wajen fitar da shi. Biyetnam na fama da ƙarancin abinci har ta canza tsari a 1986 ta sakar ma manomi ƙasa da kasuwa, a 1989 ta fara fitar da shinkafa. Holan da ba ta fi jihar Zamfara girma da wani abin kirki ba tana cikin manyan masu fitar da kayan gona a duniya in ana maganar kuɗi. Ba ina cewa ma'adinai la'ana ba ne, Botsuwana ta samu lu'ulu'u a 1967 ta yi yarjejeniyar raba daidai da kamfanin De Beers ta gina makarantu da asibitoci da shi, Nowe ta tara kuɗin manta a asusu don jikoki. Amma ga Nijar nan kusa, tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit, je ka ga ko talakan can ya shaida. Abin da ya raba su hukuma ce mai riƙe amana da iya ƙwato haƙƙinta, kuma wannan ba abin da kai za ka iya samarwa ba ne da kanka bana ko baɗi. Ƙarin buhu biyar a hektarka kuwa kana iyawa.

In ka ce min to mi za mu noma da zai iya fita, ni ba zan ce shinkafa ba. Shinkafa da masara da dawa yaƙinsu na gida ne, su tare kasuwar mutum sama da miliyan 200, wannan kaɗai babban aiki ne kuma akwai kuɗi a ciki. Na fita waje sai mai tsada a sikeli wanda zai iya ɗaukar kuɗin mota, mai son rana da iskar hunturu wajen bushewa, mai buƙatar hannu fiye da inji, wanda kuma ba ya shan taki da yawa. Riɗi ke nan a gaba, tan guda kan haura dala dubu, Japan da Sin da Turkiyya na saye, kuma yaƙin Sudan tun 2023 ya rage wani babban abokin hamayya. Sai dai kar a saki jiki, Barazil ta shigo noman riɗi da manyan injina kuma Sin ta buɗe mata ƙofa a ƙarshen 2024, in ba mu gyara tsafta da iri ba za su yi mana abin da anka yi mana a manja. Sai zoɓo da Meziko ke sha, waken suya da ke yi sosai a kudancin Zamfara wanda ko bai fita ba kamfanonin mai da na abincin kaji na jiransa, kaɗanya a wajajen Zuru da Yawuri, ƙaro. Fatar jan akuyar nan tamu ta ƙasar Sakkwato tun zamanin ayarin raƙuma Turawa ke sayenta suna ce mata ta Maroko, har yau masu jaka da takalmi a Italiya na nemanta, amma muna ɓata ta da wuƙa wajen fiɗa da ƙaya da kaska tun dabbar na raye. Albasar Aliero kuwa kasuwarta ba sai an tsallaka teku ba, Gana da Benin da Kwaddibuwa na ci, 'yan Galmi na Nijar sun daɗe da gane haka, mu abin da ke karya mu ruɓewa ce a rudu kafin farashi ya tashi.

Duk wannan lissafin na san akwai abin da ke gabansa, wato tsaro. Manomin da sai ya biya haraji kafin ya shuka ya sake biya kafin ya girbe, ko wanda gonarsa ta yi nisa da gari ya bar ta, ba maganar gogayya da Indiya yake ba, maganar tuwon dare yake. Ban raina wanda ya shiga rami don ya ciyar da gidansu ba wallahi, yunwa ba ta jiran a gyara siyasa. Amma ramin ma bai tsira daga masu bindigar ba, ya ma fi jawo su, don kayan da ke shiga aljihu sun fi buhun dawa sauƙin ƙwacewa.

Shawarata gare ka, kar ka sayar da gonar nan ko nawa anka taya, kar kuma ka ba da ita a haƙe, don gonar da anka farfashe aka wanke dutse a kanta ba ta dawowa da wuri, wani lokacin ma abin da ta haifa ba ya ciyuwa. In dole sai ka taɓa harkar zinari, ka yi ta da rani, cikin ƙungiya mai rajista da lasisin ƙananan masu haƙa don ku iya sayarwa a fili, kar dutse ko kayan aikinka su shiga gida, a niƙa da ruwa ba a bushe ba, ka yi wanka ka canza tufafi kafin ka ɗauki yaro, kar a ƙona makuri cikin ɗaki ko kusa da mace mai ciki. Abin da ka samu kar ya tafi a mashin na biyu, ka mai da shi famfon sola, tamfol, iri mai kyau daga dila da aka sani, da 'yan awaki. Ku haɗu ku goma ko ashirin masu riɗi ko waken suya ku shuka iri ɗaya, ku yi alkawarin ba mai feshi bayan girbi, ku nemi mai saye tun kafin shuka ku ji sharuɗɗansa, danshi nawa yake karɓa, datti nawa, ku kai da kanku Gusau ko Dawanau maimakon sayar da kwano-kwano ranar kasuwa. Turo min girman gonar da irin ƙasarta, jigawa ce ko laka, da ko akwai ruwa kusa, da nisanta da gari, sai mu buga lissafin riɗi da waken suya buhu-buhu kafin ruwan farko ya sauka.